Yadda Za Ka Ga Aikin Likitan Haƙori da Idonka Kafin Ka Nemi Gurbin Karatunsa

Duk shekara idan aka fara cike fom ɗin JAMB, akwai shawarar da ba ta wuce kunnen masu neman likitanci: "Wancan layin ya yi cunkoso, ka sa haƙori kawai, ai duk likita ne." Sai yaro ya sa, alhali bai taɓa leƙa bakin kowa ba sai nasa a madubi. Karatun nan shekara 6 ne ga wanda ya shiga ta JAMB, sai shekara guda ta horon asibiti kafin hukumar likitoci ta MDCN ta ba shi cikakkiyar rajista, sai kuma bautar ƙasa. Shekara 8 ke nan, in yajin aiki bai gitta ba. Kuma ba a ba ɗalibi bakin marar lafiya sai karatu ya yi nisa, bayan ya gama shekarun farko na kimiyya da sanin sassan jiki. Wanda bai gane cewa zuciyarsa na tashi da warin ruɓaɓɓen haƙori ba sai a aji huɗu, ya makara.

Kada in yaudare ka, a Najeriya zama a asibitin haƙori kana kallon aikin likita ba ya ƙara maka maki ko ɗaya wajen samun gurbi. Abin da ke shigar da kai shi ne kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, da maki mai kauri a JAMB, da kuma tantancewar jami'a. Zaman da nake ba ka shawara don kanka ne, ka gwada kanka da aikin tun tuwo bai zama ƙanzo ba. In kuwa waje kake hari, Amurka ko Birtaniya, to nan zancen daban ne, za mu zo kansa.

Lokacin da ya dace

Tsakanin gama WAEC ko NECO da fitowar sunayen waɗanda aka ɗauka akwai watanni da yawancin ɗalibai ke ƙararwa a majalisa da kan waya. Nan ne wurinsa. Wanda kuma bai samu gurbi bana ba, yana zaman jiran baɗi, shi ma haka. A ganina mako shida zuwa takwas, kwana uku a mako, daga safe zuwa azahar, ya wadatar. Kwana biyu ko uku kacal gaba ɗaya yawon buɗe ido ne, komai zai burge ka. Sai a mako na uku, lokacin da ka ga cire haƙori har ya daina ba ka mamaki, za ka san ko aikin kake so ko farar riga. In jarrabawa ta rage wata biyu, ajiye batun asibiti ka koma kan littafi.

Rigakafi tukuna

Kafin ka rubuta wa kowa takarda, je ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B. Ta jini da ruwan jiki ake ɗaukarsa, ɗakin haƙori kuwa jini da yawu ne abincinsa, kuma injin da ke tona haƙori yana fesa ruwa har fuskar wanda ke tsaye a gefe. In gwaji ya nuna ba ka da shi, sai ka fara allurar rigakafi. Sau uku ake yi: ta farko, ta biyu bayan wata guda, ta uku wata shida daga ta farko. Saboda haka wanda ke son shiga asibiti a watan Agusta, tun yana shirin jarrabawa ya kamata ya fara. Ka riƙe katin allurar, wasu asibitocin sai sun gani. In an yi maka tun kana jariri, ka nemi katin wurin Mama ka nuna wa likita, shi zai ce ko akwai buƙatar ƙari. Wanda bai kai shekara 18 ba ya tafi da rubutacciyar amincewar mahaifinsa ko waliyyinsa.

Ina za ka je?

Wurare uku ne, kowanne da irin abin da zai nuna maka. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero ke horo, ko na Jami'ar Maiduguri, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, su ne inda za ka ga manyan ayyuka: karayar muƙamuƙi bayan haɗarin babur, ƙari a fuska, gyaran leɓen jariri da aka haifa a tsage. Sai dai shigarsu da wuya, domin ɗalibansu ma layi suke bi, kuma takardarka za ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis. Sashen haƙori na babban asibitin jiha ya fi sauƙi, a nan ne kuma za ka ga ainihin ciwon mutanenmu: wanda ya yi wata uku yana cusa kanumfari da tafarnuwa a kogon haƙori, bai zo ba sai da kunci ya kumbura ya rufe ido. Asibitin kuɗi kuwa mutane kaɗan ne, likita na da sararin yi maka bayani, kuma a can ake yawan ciko da wankin haƙori da ɗaura waya don daidaita haƙora.

Da ni ne, sai in raba lokacin biyu: wata guda a asibitin gwamnati, mako biyu ko uku a na kuɗi. Wanda ya ga na gwamnati kaɗai zai zaci aikin duk cire-cire ne. Wanda ya ga na kuɗi kaɗai zai zaci kullum a ɗaki mai sanyi ake yinsa.

Wuri ɗaya ne zan hana ka: shagon mai cire haƙori na bakin kasuwa, da ɗan kemis ɗin da ya mai da bayan kanta ɗakin tiyata. Kome daɗewarsa a sana'ar, abin da za ka koya a wurinsa sai an sha wuya kafin a kankare maka shi. Likitan gaske yana da rajistar MDCN da lasisin da ake sabuntawa duk shekara, da yawansu ma a bango suke rataye takardun.

Yadda ake roƙon

Rubuta takarda gajera, shafi guda. Sunanka, makarantar da ka gama, cewa kana shirin neman karatun haƙori, kana roƙon izinin zama ka kalli aiki daga rana kaza zuwa rana kaza, ba ka neman albashi, kuma za ka bi dokar wurin. A asibitin gwamnati ana aika ta ga shugaban asibiti ta hannun shugaban sashen haƙori. Haɗa da kwafin sakamakonka da katin rigakafi. In malamin Bayolojinku ko shugaban makaranta zai sa maka hannu, ya fi.

Ka kai da ƙafarka. Kada ka je ranar Litinin da safe, lokacin da benci ya cika da waɗanda suka kwana biyu ba barci. Bari sai bayan azahar a tsakiyar mako. Fara gaida mai ba da kati da nas, domin su ne ƙofa, kuma su za ka fi zama da su fiye da likitan. In an shigar da kai, kada ka yi dogon tarihi: "Ranka ya daɗe, ina so in karanci haƙori, amma ban taɓa ganin yadda ake aikin ba. Na zo roƙon a bar ni in tsaya a gefe in kalla." In akwai kawu ko maƙwabci da ke aikin asibiti, ba laifi ya yi maka iso. In an ce a'a, yi godiya ka gwada wani wurin. Sau da yawa ba kai aka ƙi ba, ɗakin ne ƙarami.

Ranar farko

Ka karya kumallo sosai. Ba wasa nake ba. Ni ranar farkona da ruwan shayi kawai na fita, ina tsaye ana fama da turmin wani dattijo da ya karye a cikin dasashi, sai na ji kunnuwana sun toshe, ɗakin ya fara duhu. Nas ce ta lura, ta ja ni ta zaunar a kan kujera ta ce in sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Na ji kunya ƙwarai, amma ba wanda ya ko ɗaga kai, ashe abin da suka saba gani ne. In ka ji jiri, ja da baya ka zauna tun kafin ka faɗi a kan tiren kayan aiki. Jiri a makon farko ba ya nufin ba za ka iya ba. In har mako na biyar kana neman ƙofa duk lokacin da aka ɗauko awartaki, to wannan magana ce.

Shiga kuma mai sauƙi: takalmi rufaffe, ba silifas ba, farce a yanke, ba zobe ba agogo, ba turare mai ƙarfi. Babbar riga da hannu mai faɗi ba na nan ba ne. 'Yan mata su sa ƙaramin hijabi da za a iya cusawa cikin rigar aiki, domin dogo yana sharar tire ba ki sani ba. Takunkumi da gilashin kare ido, in ba a ba ka ba, sayi naka.

Iyakarka

Kai ɗan kallo ne. Ba ka yin allura, ba ka cire haƙori ko da yana lilo, ba ka sa hannu a bakin kowa, ba ka faɗa wa marar lafiya maganin da zai sha. Za a kira ka "likita" tun daga bakin ƙofa saboda farar riga, kuma abin da daɗi, amma gyara wa mutum: "Baba, ni ɗalibi ne, likita na ciki." In wani ma'aikaci ya ce zo ka gwada cirewa ba wanda zai sani, ka ƙi cikin ladabi. Ranar da abu ya ɓaci, ba shi kaɗai zai amsa tambaya ba.

Likita ne zai nemi izinin marar lafiya kafin ka tsaya. Wata Hajiya ba za ta so saurayi baƙo ya ga ta cire haƙoran roba ba, in ta ce ka fita, fita ba tare da ɓata fuska ba. Waya ta zauna a aljihu. Hoton bakin mutum a WhatsApp ko TikTok ya isa a kore ka a ranar, ya kuma rufe ƙofa ga duk ɗalibin da zai zo bayanka. Garuruwanmu kuwa kowa ya san kowa. Za ka ga limamin unguwarku ko uwar abokinka a kan kujerar nan, kuma za ka ji an tambaye su cututtukan da ko 'ya'yansu ba su sani ba. Abin da ka ji a ɗakin, a ɗakin zai kwana.

Abin da za a iya barinka ka yi bayan an saba da kai: kiran mai kati na gaba, shimfiɗa takarda a tire, gyara fitila, goge kujera da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wataƙila riƙe bututun zuƙe yawu in likita ya yarda. Allura da aka yi amfani da ita ba a mayar mata da murfi da hannu biyu, akwatinta na musamman ake jefa ta. In tsautsayi ya sa wani abu mai jini ya soke ka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, ka faɗa wa likita nan take. Maganin kariya daga HIV cikin sa'o'i 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ɓoyewa don kunya ita ce wautar da ta fi kowace.

Abin da za ka zuba wa ido

Sabon zuwa jini yake kallo. Kai kalli hannun likita da bayansa. Dubi yadda yake aiki a haƙorin sama na can ƙurya ta cikin ɗan madubin da bai fi kwabo ba, inda dama ta koma hagu, a wurin da harshe ke motsi, yawu na taruwa, mai bakin kuma na jin tsoro. Dubi sa'o'in da yake yi a sunkuye. Ciwon wuya da na baya abokan wannan sana'a ne, kuma gara ka ji haka daga bakin mai shekara ashirin a kanta.

Sannan ka saurari maganarsa. Rabin aikin lallashi ne. Ga yaro ɗan shekara bakwai ya datse baki, ga uwa tana cewa a cire kawai ai zai yi famfara wani ya fito. Likita zai zauna ya fahimtar da ita cewa turmin nan da ya fito wajen shekara 6 ba na famfara ba ne, na dindindin ne, in ya tafi ya tafi ke nan. Ga mai cewa tsutsa ce ke cin haƙorinsa, a fitar masa da ita. Ga mai ciwon suga ko hawan jini da ya rantse lafiyarsa ƙalau don kada a ɗage masa cirewa. Ga wanda haƙorinsa zai ceto da an yi maganin jijiya, amma kuɗin cirewa kaɗai ke aljihunsa, kuma likita ya san haka. Yadda likita ke fita daga irin waɗannan ba a rubuce yake a littafin Bayoloji ba.

Koyi lissafin haƙora tun makon farko, zai buɗe maka abin da ake faɗa a ɗakin. Babba na da 32, yaro na da 20. A tsarin lamba biyu da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa, an raba baki gida huɗu: 1 sama dama, 2 sama hagu, 3 ƙasa hagu, 4 ƙasa dama, dama da hagun na marar lafiya, ba naka ba. Lamba ta biyu kuma ƙirge ne daga tsakiya zuwa ƙurya, 1 zuwa 8. In ka ji an ce "uku-shida", turmin farko ne na ƙasa a hagu. Fiƙa ita ce ta 3, haƙorin hankali na 8. Haƙoran yara gidajensu 5 zuwa 8 ne. Wasu likitocin namu da ɗan zanen kusurwa suke rubutawa maimakon lambar gida, sai ka tambayi wanda ake bi a inda kake.

Ka roƙi a bar ka ka yi kwana biyu a ɗakin wanke kayan aiki. Ba wanda ke son wurin, zafi gare shi, amma nan ne ake gane asibitin kirki. Ana wanke ƙarafa a cire jini da datti, a busar, a naɗe, sannan a sa a tukunyar tururi mai matsi da ake kira otokilef, a kan zafin digiri 121 a ma'aunin Celsius na aƙalla minti 15, ko 134 na 'yan mintuna. Tafasawa a ruwa ko shafa sifirit ba ya maye gurbin wannan. Lura da abin da suke yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar ciko, da wanda ke tashi ya tada janareta, da nawa man ke ci. Likitan da ya buɗe nasa wurin ɗan kasuwa ne ko ya so ko bai so ba.

Kada ka raina sauran ma'aikata. Akwai mai wankin haƙori da koyar da tsaftar baki, akwai mai ƙera haƙoran roba da hular haƙori a ɗakin ƙira, akwai mai taimaka wa likita a gefen kujera. Kowannensu karatunsa daban, kuma masu wanki da masu ƙira kowane rukuni da hukumar rajistarsa. Zauna da mai ƙira yini guda ka ga yadda ake zuba farar ƙasa a awon baki a fitar da siffarsa. Na san waɗanda suka shigo da niyyar likita suka fita da son wannan ɓangaren.

Littafinka

Sayi ƙaramin littafi. Kowace rana rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa ka shiga ka fita, ayyukan da ka gani, kalma ɗaya sabuwa, da abu ɗaya da ya dame ka ko ya burge ka. Ba suna, ba lambar kati: "namiji, wajen shekara 40, kumburi a ƙasa dama" ya isa. Tambayoyi ka tara su sai marar lafiya ya fita. Faɗin "kai, wannan ya ruɓe da yawa" a gaban mai haƙori ba tambaya ba ce, rashin ta-ido ne. Ƙarshen kowane mako ka kai wa likita ya sa hannu a kan sa'o'in.

Da dare kuma gwada hannunka. Samo sabulun wanki mai tauri da ƙaramar wuƙa, ka sassaƙa turmi da ƙwanƙolinsa da saiwoyinsa, girman na gaske. Ɗaliban haƙori da kakin zuma suke irin wannan a makaranta. Na farko zai fito kamar dankali. Abin dubawa shi ne ko za ka iya zama awa guda a kansa ba ka ƙosa ba, kuma ko na goma ya fi na farko. Gwada kuma bin layin zane da biro kana kallon madubi kawai. Mai ɗinkin hula da mai zanen lalle sun riga ka nisa a nan.

In likita ya samu sarari, ka tambaye shi abubuwan da ba a faɗa a taron yaye ɗalibai: wace jarrabawa ce ta fi kayar da mutane a makaranta, nawa ɗalibi ke kashewa a kayan aiki, yaya neman wurin horon shekara guda yake, da za a mayar da shi baya zai sake zaɓar haƙori? Ka kuma tambaye shi cutar noma, wadda ke cinye kunci da leɓen ƙananan yara masu fama da yunwa, tana kuma farawa ne daga gyambon dasashi. A Sakkwato akwai asibiti sukutum dominta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Wanda ya ɗauka aikin haƙori ya tsaya ga farar da murmushi da sa haƙorin Makka, ya ji wannan.

In waje kake hari

A Amurka galibi sai ka gama digiri na farko kafin ka shiga makarantar haƙori, wadda ke ɗaukar shekara 4. Ana rubuta jarrabawar shiga makarantun haƙori mai suna DAT, ana nema ta tsarinsu na karɓar takardu mai suna AADSAS, kuma a fom ɗin akwai wurin rubuta sa'o'in da ka yi kana kallon likita da sunan wanda ya kula da kai. Makarantu da dama suna son ganin sa'o'i masu yawa, wasu har 100, galibi a wurin likitan haƙori na gama-gari, kuma wasu na neman takardar shaida daga likitan. Kowace makaranta da sharaɗinta, har da batun ko za ta karɓi sa'o'in da aka yi a wata ƙasa, don haka karanta shafin kowacce tun da wuri. A Birtaniya daga sakandare ake shiga, shekara 5, ta UCAS, wato tsarinsu na neman gurbin jami'a, ana rufe karɓar takardun masu neman haƙori a tsakiyar Oktoba, ga jarrabawar tantancewa mai suna UCAT, ga ganawa. A ganawar ba yawan kwanakin suka fi damuwa da shi ba, abin da ka fahimta suke tono. Nan littafin nan naka zai yi rana.

Ranar sallama

Mako guda kafin ka gama, roƙi takardar shaida a kan takardar asibiti mai tambari, da ranar farawa da ta gamawa, da jimillar sa'o'i, da cewa kallo ka yi. Kada ka bari sai bayan shekara, likitoci na sauya wurin aiki, wani ma ya bar ƙasar. Yi kwafi biyu, ka ɗauki hotonta ka ajiye a imel. Bi kowa ka yi masa godiya, har mai shara da mai gadi, ka karɓi lambar likita da izininsa, ka kuma sanar da shi in sakamako ya fito.

Sannan ka zauna kai kaɗai ka karanta littafinka daga farko. In ka ga shafukan ƙarshe sun fi na farko cika da tambayoyi, cike fom ɗinka ka sa haƙori a zaɓin farko. In kuwa ka ga tun mako na uku rubutun ya koma "cirewa huɗu, ciko biyu, na tafi gida", to je ka sami Baba tun kafin ya biya kuɗin fom, ka nuna masa littafin, ku duba harhaɗa magunguna ko gwaje-gwajen asibiti ko likitancin ido. Darussan JAMB ɗin kusan duk iri ɗaya ne, ba sai ka sake sabon karatu ba.